Kunyar da Muka Yaba wa Yaya Hajo

Da wannan kakar gero shekara ashirin da uku ke nan cif da rasuwar yayata Hajara, wadda duk Dandin Mahe ke kira Hajo. Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan soya masa, wato waina, in raba sadaka, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana kam shirun ya ƙi zama. 'Yar da ta bari mini, Saratu, tana kwance a ɗakina a Bodinga da jaririnta na fari, ta juya fuska ga bango kamar yadda uwarta ta yi, ni kuwa na rasa sunan da zan ba abin.

Wanda bai san Hajo ba sai ya ɗauka mace ce shiru-shiru, don haka ake ba da labarinta yanzu. Ina! Hajo baki gare ta. In tana daka sai ta cilla taɓarya sama ta tafa sau biyu kafin ta cafe, tana waƙar da ta ƙaga a kan duk wanda ya gifta. Babu wanda ba ta laƙaba wa suna ba, har ladanin unguwa bai tsira ba. Ni Kan Tulu take ce mini, kuma in za a faɗi gaskiya ba ta yi ƙarya ba. Inna kullum cikin faɗa take: wannan baki naki shi zai kashe miki aure. Bai kashe ba. Ta auri wanda take so, wani manomin albasa a Dingyaɗi, da cikinta ya tsufa aka kawo ta gida ta haihu.

A wurinmu uwa ba ta nuna ɗokin ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka sai an ɗauko an miƙa mata, ta shayar da shi fuskarta a gefe. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar gida. To, Hajo ta yi wannan kunyar har ta wuce misali. Ko kallon jaririyar ba ta yi. Mata masu zuwa barka suna fita suna yabo: wallahi haihuwa ta sa wa Hajo hankali, ku dubi yadda ta natsu. Inna har wani tsayi ta ƙara don jin daɗi.

Ni a lokacin shekarata goma sha biyar, aikina hura wutar ruwan wanka da kai mata kunun kanwa. Kunun yakan dawo yadda na kai shi, ya yi fata a sama. Gasasshen naman da ake ba mai jego kuwa ni take tura wa, ni ma ban taɓa cewa a'a ba. Allah ya yafe mini, a cikin arba'in ɗin nan ita tana ramewa ni ina yin kumatu.

Wata rana bayan wankan la'asar, ina shafa mata mai a baya, ba kowa a ɗakin sai mu biyu da jaririyar, ta ce, “Rabi, ina kallon ɗiyag ga, ba ni jin komi. Ko kaina ba ni ji.”

Dariya na yi. Na ce, “Haba Yaya, ai kunya ce. Kowa sai yabon ki yake.”

Ta dube ni, sannan ta ce, “To.”

Ba ta sake tayar da zancen ba. Aka yi arba'in, aka mayar da ita ɗakinta da gara. Wata huɗu bayan nan zazzaɓi na kwana uku ya ɗauke ta, jikin da ya daɗe ba ya karɓar abinci ba shi da abin kare kansa. Aka ce kwana ya ƙare, kuma haka ne, ba mai jayayya da wannan. Inna ta karɓi Saratu, da na yi aure na taho da ita Bodinga, a hannuna ta girma.

Haka na zauna da abina lafiya lau sai watannin baya, da na raka Saratu awo. Wata ma'aikaciyar lafiya ta tara masu ciki a rumfa tana yi musu bayani. Ta ce akwai ciwon damuwa da kan kama mace bayan haihuwa: barci ya ƙi, abinci ya fita a rai, ta dubi ɗanta ta ji kamar na wata ne, ta kasa faɗi don kada a ce ba ta gode wa Allah ba. Ta ce ba aljanu ba ne, ba ƙarancin imani ba ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, ana sauraron mai shi, ana ba da magani, ana warkewa. Matan suna ta hirarsu, wasu na cin gyaɗa. Ni kuwa maganar Hajo ce ta dawo mini daram.

Tun ranar nan kaina bai zauna ba. Kada ku ɗauka na gano gaskiya ne na zo in koya muku, wallahi ruɗewa ce ta ƙaru. Ita kanta Hajo 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai “waccan”, ranar da Hajo ta rasu ma ba wanda ya ga hawayenta, amma Inna ta rayu har ta ga jikoki sun girma, da cin tuwonta da faɗanta. Ke nan akwai kunya ta gaskiya wadda ba ciwo a cikinta. To ta yaya mai kallo zai raba su, alhali duka biyun fuska suke juyawa ga bango? An ce labarin zuciya a tambayi fuska, mu kuwa al'ada ce ta ce a ɓoye fuskar, mu kuma muka tafa. Wani lokaci ma nakan tambayi kaina, shin ita Innar na tabbata lafiya ta yi tata kunyar? Wa ya taɓa tambayar ta?

Yanzu zamani ya canza, ko dai haka ake cewa. A rediyo ana shirye-shirye kan lafiyar ƙwaƙwalwa, mutane na bugo waya suna faɗin abin da ke ransu ba tare da sun ba da suna ba. Yara suna tura wa juna bayanai a waya. Nakan ce da Hajo na nan me za ta ce? Hajon da ke daka za ta fara laƙaba wa ma'aikaciyar nan suna, ta kwaikwayi muryarta mu yi ta dariya. Hajon da ke kwance kuwa ban sani ba. Wataƙila ta ɗaga hannu a rumfar, wataƙila ta sunkuyar da kai. A zamaninta suna biyu kawai muke da shi ga irin wannan, ko iska ko hauka, kuma duk wanda aka kira ba ita kaɗai zai bi ba, har ni ƙanwarta sai ya hana ni miji. Rashin sani ya fi dare duhu, gaskiya ne, amma ban da tabbacin cewa da mun sani za mu yi ƙarfin halin faɗi.

Kuma ko yau ɗin, canjin bai kai ƙofar ɗakina ba. Shekaranjiya uwar mijin Saratu ta zo duba jika, ta tarar da ita fuska a bango, ta fito tana washe baki: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kunyar Hajo ce sak. Har yau a Dandin Mahe da sunan Hajo ake yi wa masu jego faɗa in sun cika rawar kai. Shi ke nan abin da ta bari a bakin mutane. In na fitar da Saratu daga wanka tun ba a yi arba'in ba, na kai ta wurin masu duba irin wannan ciwo, na san abin da za a ce: ashe a jininsu yake, uwar ma ba kunya ba ce. Da hannuna zan tuɓe wa yayata rigar yabon da aka rufe ta da ita. In kuma na yi kuskure, kunyar ce kawai, na ɓata sunan uwa da 'ya a banza.

Jiya da hantsi bayan wanka na kai wa Saratu kunu, na ga na safe yana nan ya yi fata a sama.  Na tura ƙyaure, na zauna a bakin gado, na yi tambayar da ba wanda ya yi wa uwarta.

“Saratu, ba kowa nan sai ni. Kunya ce, ko wani abu ne?”

Ba ta juyo ba. Ta ce, “Mama, in na faɗi za ku ce ban da imani.”

Na ce, “Faɗi.”

Ta ce, “Tsoro nike ji in an bar ni da shi. Kwana nawa ban yi barci ba. Ji nike da wata aka ba shi da ya fi dacewa.”

Wannan karon ban yi dariya ba. Na riƙe ta, muka yi kukan tare, ni nawa ya kwana shekara ashirin da uku. Na kira mijinta na gaya masa ba ɓoye-ɓoye, ya ce shi bai gane ba amma zai zo da mota. Gobe da safe, kwana goma sha tara da haihuwa, za mu tafi asibiti, masu magana su yi. Da izininta na rubuta wannan, ta ce wataƙila akwai wata mai jego a wani ƙauye da ake ta yabo.

Har yanzu ban san me ya sami Hajo ba, kuma ba likitan da zai iya duba wadda ke cikin ƙasa. Wataƙila kunya ce da zazzaɓi, wataƙila ciwo ne muka yi masa guɗa. Waƙoƙin dakanta sun ɓace, laƙabobin da ta raba sun bi masu su kabari, saura nawa. Abin da ya rage mini nata magana ɗaya ce da ta faɗa wa wawiyar yarinya mai maiƙon nama a baki, ta ce “to”, ta haƙura. Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya sa kin huta. Kan Tulu ce. Na makara, amma na ji.