Ruwan da na zuba wa kujerar haƙori

Ranar da kujerar nan ta tashi, wallahi ban san lokacin da na yi tsalle ba. Ni ne wanda abokai a Yelwa ke kira Injiniya don tsokana. Ba wanda ya koya min, daga waya sai kwance rediyon mutane. Wani mai aikin haƙori kusa da kasuwa kujerarsa ta daɗe a mace, ya ce in gwada. Na yi ta fama har bututun wanke baki da ke jikinta ya soma feshin ruwa. Ya ce daga yau ni ke kula da ita.

Akwai kwalba a jikinta da ake cikawa da ruwa. Da famfo ya ɗauke, sai na yi abin da na tashi na ga ana yi a gida: na ɗebo na tafki, na jefa alif, ya kwanta garau, na zuba. A wajenmu ruwa in ya washe ai ya tsarkaka. Ban faɗa wa maigidana ba, don ban ga abin faɗa ba.

Don ɗoki har Ngaski na tahi na ɗauko Inna, haƙori ya daɗe yana hana ta barci. So nake ta ga aikin ɗanta. Aka cire, ruwana yana wanke mata wurin, ina tsaye ina murmushi.

Ba a jima ba kumatunta suka haye, ga zazzaɓi, sai kwanciya asibiti. Maigidana ya tambaye ni ruwan, na faɗa masa. Bai yi faɗa ba. Ya yanko siririn bututun ya miƙo min, cikinsa duk yauƙi irin na gindin kwale-kwale. Ya ce ƙwayoyin cuta ne suka yi gida, alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe su, kuma ko ruwa mai kyau in ya kwana a bututu sai an zubar. Ya ce in ajiye makullin shagon, aikina ya ƙare.

Inna ta tashi, amma har yau gefe guda take tauna. Abin da ta ce min ke nan: "Ai ruwan da na shayar da kai ne, ɗan nan." Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Yanzu yamma a bakin tafki nake yinta ni kaɗai. Ba mai ce min Injiniya, ko da tsokana. Masu koyo a waya irina, ku riƙa tambaya, ido ba ya ganin komai. In akwai wanda ɗoki ya taɓa kaiwa inda ya kai ni, don Allah ya rubuto, in san ba ni kaɗai ba ne.