Abin da Goggo Nuriyya ke lalubawa

Goggo Nuriyya ta shekara talatin tana wankan jarirai a Argungu. Da ta haifi nata, Munzali, ta lura ƙwan marainansa ɗaya bai sauko ba, amma kunyar ɗan fari ta hana ta faɗa wa kowa.

Yana shekara ashirin da bakwai ƙari ya fito masa. Likita a Birnin Kebbi ya ce ƙwan da bai sauko ba yakan ƙara haɗarin wannan ciwo. Aka yi aiki, ya warke, ya koma gonar shinkafarsa.

Yanzu duk jariri namiji da ta wanka sai ta laluba marainansa a hankali. In ɗaya ta ji, takan ce wa maijego, "Ɗiyata, ki kai shi asibiti, zan raka ki. Ni na taɓa yin shiru."