Asabar ɗin Malam Zakariyya'u

Wani kamfanin saƙa buhu a Kudenda ya sallami Malam Zakariyya'u saboda ba ya zuwa aikin Asabar. A baki sun ce rage ma'aikata ne. Ni ne direban motar ma'aikatan, na san abin da idona ya gani.

Kullum da safe a Unguwar Mu'azu yake shiga mota. Kujerar ƙarshe, gefen taga, littafi a hannu. Wasu na musun ƙwallo, wasu na gyangyaɗi, shi ko rami muka faɗa sai dai ya danne shafin da yatsa. Lokacin cin abinci, dama tana cikin kwano, hagu riƙe da littafi. Haka yake tsintar karatunsa, guntu-guntu. Rubutu ne bai yarda ya yi shi a tsaye ba.

Yana da shafi a intanet inda yake sharhin littattafan da ya karanta. Ba ya cewa uffan a kan littafi sai ya kai ƙarshensa, ya ajiye shi ya kwana biyu a ransa. Ranar Asabar ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya yi ta taɓa waya da babban yatsa har azahar, ya rubuta ya goge. Ni karatuna bai yi nisa ba, littafi mai kauri ya fi ƙarfina. Amma nasa nakan bi a hankali in ina jiran a tashi daga aiki, har na san littattafan da ban taɓa riƙewa ba.

Ku tambayi Vicky, ma'aikaciyar jinya, mutuniyar Filato da ke zaune a Rido. Ta rubuta littafinta na farko da Hausa, ta kawo masa har ƙofar kamfani. Mako na zagayowa ta kira shi.

"Malam, wasu a ranar suka yabe shi fa."

"Sun karanta?"

"Sun sa hoton bangon."

"To ki bar ni da cikin."

Da ya rubuta, ya yabi abin yabo, sannan ya ce uwar da ke cikin labarin ta yafe da wuri, kamar marubuciyar ta gaji tana son ta kwanta. Vicky ta daina gaishe shi. Daga baya ta sake rubuta babin. Da bakinta ta ce min shi kaɗai ya karanta ta kamar mutum.

Sai aka kawo sabon shugaban sashe, Oga Benson. Ya ce aikin Asabar ba dole ba ne, ganin dama ne. Kowa ya gane, kowa ya zo, ban da mutum ɗaya. A cikin motata Oga ya tare Malam.

"Malam Zakari, Asabar ba ma ganinka. Biki ne kullum a gidanku?"

"Oga, kai ka ce ganin dama ne."

"Na faɗa. Ni ma ina da tawa damar."

Mota ta yi dariya, Malam ya koma shafinsa. A gida ma bai tsira ba. Matarsa Hafsat ta ce, "Baban Maryam, waɗannan da kake wa rubutu, ranar da tukunya ta ƙi hawa wuta, su za su zo?" Ya ce a'a. Ta ce, "To?" Ya ce idan ya ba da Asabar, ba abin da ya rage nasa a mako. Ya san abin da yake jawo wa kansa. Ba wawa ba ne.

Hafsat ce ta yi gaskiya, kuma abin da ke cin raina ke nan. Da ya sanar a shafin cewa aiki ya tafi, masu karatu suka zuba masa "Allah ya musanya". Wani ya rubuta, "Yanzu ai ka samu lokaci, Malam, a riƙa ba mu kullum." Cikin marubutan da suka riƙa damunsa da waya, Vicky kaɗai ta taka zuwa zaurensa. Akwai ma wanda ya kwashe tsofaffin sharhinsa ya manna a nasa shafin, ko suna bai sa ba.

Malam Zakariyya'u, kai ne ka ɗauki littafin mutum da nauyin da ya rubuta shi. Kai ne ba ka yabi bango ba, ba ka zagi abin da ba ka gama ba. Kai ka sa direba irina ya san abin da ake ciki. Na gode, kuma na faɗa a gaban mutane tunda su sun yi shiru. Allah ya saka maka, ya buɗa maka wata ƙofar.

Ku kuma masu waya a hannu, ku yi koyi da shi. Ku gama littafi kafin ku buɗe baki. In wani ya zauna ya yi muku tunani kyauta, ku tambayi me ya bari kafin ya zauna.

Yanzu keken haya mai ƙafa uku yake tuƙawa, na wani ne, daga asuba har magariba, ba Asabar ba Lahadi. Shekaranjiya na gan shi a layin mai, na leƙa. Littafin da ya fara a motata yana gefen kujera, rana ta lanƙwasa bangon. Na ce, "Malam, ina aka kwana a littafin?"

Ya ce, "Inda ka sauke ni, Garba."