Dakan nama a ƙofar zauren surukina

Shekarun baya, lokacin da ƙasarmu ba ta jima da samun mulkin kai ba, aka kawo ni amarya Dogon Dutsi daga Kore Mairuwa. Mijina ya tafi cin rani, ya bar ni da iyayensa. Surukina, Baba, tsohon dillalin shanu ne, mutum mai son nama da girman kai. Sai dai na tarar da shi yana ramewa, masallacin ƙofar gida ma sai an riƙe shi. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce doguwa ce ta taɓa shi a hanyar kasuwa. Uwar mijina, da muke kira Inna, ta yi hayaƙi har ta gaji. Da aka kai shi wurin likita, ya ce jininsa ne ya yi ƙasa, a riƙa ba shi nama da ganye, in ba haka ba da wuya ya ga damina.

Inna ta fusata. "Nama? Kullum da nama a kwanonsa, kuma tas yake dawowa."

Gaskiya ta faɗa, ni ke wanke kwanon. Amma ni na lura da wani abu: kyanwar gidan ta yi ƙiba har tana tafiya da ƙyar. Wata rana na leƙa ta katangar zaure yana cin abinci shi kaɗai. Sai na ga ya ɗauki tsoka ya tsotse romon, ya waiga, ya miƙa wa kyanwa. Ashe haƙoran ciki duk sun zube, na gaba biyu ne kawai yake nuna wa duniya. Wallahi sai da na ji hawaye.

To, ta ina zan faɗa? Ni suruka ce. Ko sunansa ba na kamawa, in ya shigo tsakar gida ɗaki nake faɗawa. Sai na kai kukana wurin yayana, wanda ya yi aikin kuku a gidan wani Bature. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa wani ƙarfe mai hannun juyawa, a zuba nama ta sama ya fito ta gaba a niƙe lilis.

Ranar da ya kawo ƙarfen nan, gidanmu ya cika. Matan unguwa har da masu goyo, kowa na son ta juya sau ɗaya. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina ta bayani kamar ni na ƙera shi. Muka dunƙula naman ƙanana ƙanana, na dafa, ƙamshi ya game gida. Inna ta kai zaure, na tsaya bayan ƙofa ina saurare.

Kwanon ya dawo ko taɓawa ba a yi ba.

Na ji muryarsa sarai: "Naman da ba a ganin tsoka, ba a ganin ƙashi, ni ba ni cin shi. Kuma ƙarfen Nasara, wa ya san abin da ya niƙa kafin ya zo gidana?"

Na shiga ɗaki na yi kukan haushi. Har na ce a raina, to ya zauna, shi da kyanwarsa. Amma da na huce sai na ga bai yi laifi ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana duba saniya tun daga kofato, ba zai haɗiye abin da bai ga asalinsa ba.

Ran kasuwa na roƙi Inna ta sa mahauci ya biyo da tirensa ƙofar gida, ta ce wa Baba shi zai zaɓa. Nan fa tsohon ya farfaɗo. Ya juya wannan, ya ture wancan, ya zagi mahaucin a kan ya kawo naman tsohuwar saniya, daga ƙarshe ya nuna wata jar tsokar cinya marar kitse. Ni kuma na mirgino turmi har daidai inda zai hango ni daga zaure, na juya masa baya saboda kunya. Na yayyanka naman, na zuba da albasa da citta da daddawa da ɗan gishiri, na hau daka. Dakan nama ba ya ƙara irin ta gero, wani luƙus luƙus yake yi, har maƙwabciyarmu ta leƙo tana tambaya ko lafiya.

Ina cikin daka sai na ji ya yi gyaran murya, ya ce wa bango: "A gaya wa mai dakan nan ta cire jijiyar da ke gefe, ba ta dakuwa."

Haba, ai ji na yi kamar in yi rawa da taɓarya. Na cire jijiyar. Can kuma: "A ce mata daddawa ta yi kaɗan." Na ƙara. Na zuba ɗanyen zogale da ɗan garin gero don ya kama jikinsa, na dunƙula, ban soya ba, na jefa cikin romon yakuwa ya dahu a hankali har ya zama ana murƙushe shi da harshe.

Inna ta kai, ta jima ba ta fito ba. Da ta fito sai ta kifa mini kwanon a gabana, ko ɗigon romo babu, kyanwa na biye da ita tana kuka. Tsohuwar nan ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, ni ma na manta da kunyar amarci na taya ta.

Daga nan na shiga dabaru. Yau da wake da aka surfe, gobe da kabewa, jibi a cikin miyar kuɓewa ɗanya, wani lokaci in haɗa da hanta. Nama kaɗan ne, ganye ya fi yawa, mai kuwa ɗan ɗis. Kafin a yi shuka Baba ya koma masallaci da ƙafarsa. Sai kuma ya fara jawo mini abokansa marasa haƙora, su jeru a zaure suna jiran kwano, har na fara tunanin ko na jawo wa kaina aiki.

Bai taɓa yi mini godiya baki da baki ba, surukuta ba ta bari ba. Amma wata safiya ina shara na ji yana ce wa Inna a hankali: "Ashe ba mutuwa nike ba. Yunwa ce, kuma na ji kunyar faɗi."

Har yau ina tuna maganar nan. Gida cike da abinci, cike da masu ƙaunarsa, amma saura kaɗan yunwa ta kashe shi muna kallo. Ku da ke da tsofaffi a gida, kada ku tsaya tambayarsu ko sun ƙoshi, za su ce muku sun ƙoshi. Ku zauna kusa ku ga yadda suke ci.