Kujerar Hasana

Duk wanda ya taɓa sayen gado a Kawo ya san Malam Tukur kafinta, ya kuma san tsiyarsa. Ni maƙwabcinsa ne, shagon ɗinkina na jikin nasa, na sha ganin ya jefar da katako a gaban mai shi don kawai gefensa fari ne. A wajensa jan cikin itace ne katako. Farin gefen nan kuwa, cewa yake yi abincin ƙwaro ne, ko kyauta aka ba shi ba ya so.

Amma a gidansa ko benci babu. Matarsa Hasana ta yi shekaru tana roƙon kujera mai majingina, shi kuma kullum sai an gama na mutane. Har tsokanarsa nake yi, in ce ranar da ya yi kujerar nan zan yanka zakara.

Sai da ciwon ƙafa ya kayar da ita, zaman tabarma ya gagare ta, sannan ya tashi a gigice. Lokacin damina ce, babu busasshen katako a hannu. Ya tattara ragowar da ke bayan shago, farare ɗanyu, irin waɗanda yake zagi, ya harhaɗa a yini guda. Ta ji daɗinta ƙwarai. A kanta take tsintar shinkafa, a kanta take jan carbi, har hannun kujerar na dama ya yi duhu don dafawa. Ba ta kai wata daminar ba ta rasu.

Tukur bai yi kuka ba. Yana buɗe shago, yana rufewa, in ka gaishe shi ya amsa. Kujerar tana tsakar gida inda ta bar ta, ba mai zama, ba mai matsar da ita. Wannan shirun nasa ya fi kuka damuna.

Wata safiya 'yarsa Lubna, wadda ke karatun kimiyya, ta ga wani gari mai laushi a ƙarƙashin kujerar. Ta share, washegari ya dawo. Ta kira ni in tsaya mata, don uban ba ya jin maganar kowa. A gabanmu ta kankare ƙafar kujerar kaɗan ta ɗiga aidin, maganin nan da ake sa wa rauni, wurin ya rine ya koma shuɗi mai duhu.

"Baba, ka gani? Sitaci ne, irin wanda ake sa wa kaya," in ji ta. "Bishiya a farin gefenta take ajiye abincinta, 'yan ƙananan ƙwayoyi, sukari ne a sarƙe da juna. Ƙwaro ya yi ƙwai a ƙofofin katakon, tsutsarsa na ci daga ciki. In aka bar ta za su hau katakon rufi."

"Na sani," ya ce.

Na ce a shafe ta da baƙin mai kamar yadda suke yi wa katakon rufi. Ya ƙi, wai zai ɓata inda hannunta ya taɓa. Abin da ya yi shi ne ya sayo madaci busasshe, jan ciki zalla. Ya cire ƙafa ɗaya da ta ruɓe ya sa sabuwa. Da ya buga ƙusa, ta kusa da ita ta fashe, ya canza ta. Haka majingina, haka mazauni. Duk wanda ya cire sai ya jefa a murhu, fuskarsa ba ta nuna komai.

Ya rage hannun dama kaɗai. Ya daɗe yana kewaye shi, yana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Ranar da ya zo ɗora shi a sabon jikin, ina tsaye, ya dafa shi da babban yatsa don ya daidaita. Yatsan ya shige ciki kamar a burodi. Fatar katakon ce kawai ta rage, cikin duk gari ne. Ya dubi yatsansa, ya goge a riga, ya auna wani madacin ya yanka.

Kujerar ta fito da kyau, ban taɓa ganin ya yi aiki kamarta ba. Jikokinsa ma za su gaje ta. Lubna ta shafa ta, ta ce, "Baba, a mayar da ita inda Umma take zama?"

Ya daɗe yana kallon kujerar.

"Wannan kam, Ummanki ba ta taɓa zama a kanta ba," ya ce.