Magini Hirek da kofin wutar farko

Ke Halinka, matso da kujerar nan kusa da murhu. Kin ga murhun nan da kike jingina da shi? Ƙanena Hirek ya gina shi, kakanki ke nan na wajena. Ba ki san shi ba, kina goye ya rasu.

Ginin murhun ɗumama ɗaki shi ne sana'arsa, wajen babanmu ya gada. Duk ƙauyen nan, in sanyi ya shigo, da ɗumin aikin hannunsa ake kwana. To amma sana'ar da abin da take tafe da shi. A nan, ranar da magini ya gama aiki aka hura wutar farko, dole mai gida ya fito da kwalbar barasa su sha tare. Tsofaffi sun ce in magini bai sha ba, murhun hayaƙi zai riƙa yi har ya rushe. Tun yana saurayi ake zuba masa. Gidan nan kofi, gidan can kwalba. Daga baya ko ba wutar farko sai ya nema. Matarsa Jadwiga ta gaji ta koma birnin Lublin wajen danginta.

Wata shekara da sanyi aka tsince shi da safe a bakin rijiya, kwance cikin ƙanƙara. Yatsu biyu aka yanke masa a asibiti, sanyi ya kashe su. Likita ya ce in ya ci gaba, hantarsa ba za ta kai shi baɗi ba.

Wacek direban bas ne ya ɗauko shi daga asibitin. Da abokin shansa ne, amma an daɗe ba a ga Wacek da kwalba ba.

Ya ce masa, "Kai tsohon jaki, yatsu takwas suka rage, su ma so kake ka shanye?"

Hirek ya ce, "Ji mai wa'azi! Ba kai ne ka taɓa kwana a kejin kajinmu ba?"

Wacek ya ce, "Ni ne. Shi ya sa duk Alhamis nake zuwa ɗakin ƙasa na cocin gari. Mu da yawa ne, masu neman rabuwa da kwalba. Ka zo ka zauna kawai, ba mai tambayarka komai."

Zuwan farko bai shiga ba. A bakin ƙofa ya tsaya yana shan taba, ya juyo. Na biyu ma haka. Sai wani tsoho, Alojzy, ya leƙo ya ce, "Malam, in gadin ƙofa ka zo yi, muna da kwaɗo. Shigo, shayi na hucewa."

Ya shiga. Da ya dawo ya ce mini, "Yaya, zama ake yi a kewaye, kowa ya faɗi sunansa ya faɗi ɓarnarsa. Wallahi duk ƙaryar da nake miki, akwai wanda ya riga ni yin ta." Ban tambaye shi su wane ne ba, ba a faɗa.

Haka ya yi ta zuwa har kaka. Jikinsa ya dawo, hannu ya daina rawa. Sai Tadeusz mai gonar tuffa ya kira shi aiki. Ina gidan ranar wutar farko, ni na taya matarsa girki. Wuta ta kama, murhu na ja ba ko hayaƙi. Tadeusz ya zuba kofi biyu.

Hirek ya ɗora tafinsa a kan nasa.

Tadeusz ya yi dariya. "Kai, fadan coci ka zama? Ɗaya tak, don murhu."

"Na gode, maƙwabci. Ba na sha."

Uwar Tadeusz ta miƙe. "Ɗana, gidanmu ne ka raina? So kake hayaƙi ya kashe mana jikoki? Ko leɓe ka jiƙa."

Na ga gumi ya karyo wa Hirek. Idonsa na kan kofin nan kamar zai haɗiye shi. Ya ce, "Inna, in na jiƙa leɓe yau, jibi ku za ku ɗauke ni a makara." Ya kwashi kayan aikinsa ya fita. Ba gida ya nufa ba, titi ya yi, ya taka har gari wajen Alojzy, ga shi ba ma Alhamis ba ce.

Magana ta zaga ƙauye, wai Hirek ya bar murhu ba albarka. Daga nan ba wanda ya sake kiransa sai ni. Wani suka riƙa ɗaukowa daga ƙauyen gaba, mai sha. Mutumin da ya ɗumama kowane gida ya koma sharar wani rumbun ajiye tayil na daɓe a gari, a haka ya tsufa. Murhun nan nawa shi ne na ƙarshe da ya gina.

Gab da rasuwarsa na ce masa, "Hirek, da ka kurɓa ranar nan, da har yanzu kai ne magini."

Ya ce, "Da ba ki da ƙane, Yaya."

Shekara goma sha wani abu ya ƙara a duniya, kuma a hayyacinsa ya tafi. Ƙara itace, wutar ta yi ƙasa.