Ranar da aka zaɓe ni aka sallami Malam Haruna

Ban taɓa mantawa da ranar da mudir, wato manajan kamfaninmu, ya kira mu ofis ni da Malam Haruna ba. Lokacin ina shekara ta shida a Riyad, muna kula da wasu dogayen gidajen haya a unguwar Al-Suwaidi.

Ku da kuka zo kwanan nan ba ku san shi ba. Mutumin Damagaram ne, ya girme ni. Ya taɓa jami'a bai gama ba, amma babu abin da bai lasa ba: tarihi, Faransanci, Larabci, wayarin, gyaran famfo da na AC. Ni kuwa bayan difloma ta lantarki abu ɗaya na bi, gyaran lifta, har na samu takardar shaida a kai. Ka fitar da ni daga ɗakin inji, wallahi ko famfo mai yoyo sai ya gagare ni. Shi ke yi mini tafinta, ɗakinmu ɗaya, kuma a duk kamfanin da shi kaɗai nake Hausa.

Mudir bai yi kwana-kwana ba. Ya ce an rage mana gidaje, don haka ɗayanmu ne kawai za a sabunta wa iƙama, takardar zaman ƙasa. Ɗayan kuwa sai gida. Ya nuna ni ya ce, "Muhandis ne zai zauna," wato injiniya.

Abin takaici, Malam Haruna ne ya fassara mini wannan magana, muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

Na ce ya gaya wa mudir ai shi ke yin aikin mutum uku. Ya harare ni, amma ya faɗa. Mudir ya ce gaskiya ne, sai dai mai famfo da mai wayarin ko gobe ya leƙa titi zai samu. Lifta kuwa ba a barin kowa ya taɓa ta sai mai takarda, don ran mutane ne a ciki.

Da muka fito na kasa kallonsa. Shi ya fara dariya.

"Haba Injiniya, wa ya mutu? Kai rijiya ne, ni tafki. Tafki kowa na sha, amma in rani ya zo shi ke fara ƙafewa."

"Malam, ni da wa zan riƙa magana?"

"Da liftarka mana! Ai kun fi shiri."

Na raka shi filin jirgi, na dawo ɗaki. Ban taɓa sanin AC na da ƙara haka ba. Na yi kewarsa ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Sai in wuni ban furta komai ba in ban da sallama da karatun salla.

Bayan tafiyarsa ba da jimawa ba, wata rana da azahar, lifta ta tsaya tsakanin hawa biyu da wata tsohuwa a ciki. Ƙa'idar aiki ita ce, kafin ka taɓa inji sai ka yi wa na ciki magana: ka gaya masa akwai iska, kada ya ja ƙofa, za a sauko da shi a hankali. Da can Malam Haruna ke tsayawa bakin ƙofa yana jan mutum da hira, ni ina sama. Ranar na durƙusa a bakin ƙofar ina jin kukanta, tana ta tambayata wani abu. Na san sunan kowane ƙarfe na liftar nan da Larabci, amma ban gane abin da take cewa ba. "Sabar, ya Hajja, sabar," shi ne iyakar abin da na iya faɗa, wato ta yi haƙuri.

Na hau sama na kashe wuta, na saki birki, na sauko da ita lafiya. Da ƙofa ta buɗe tana zaune a ƙasa. 'Yarta da ta iso a lokacin ce ta gaya mini da Turanci cewa tambaya ɗaya take ta yi: igiyar za ta tsinke ne?

Igiyar nan ba za ta tsinke ba, kuma duk ginin babu wanda ya fi ni sanin haka. A'a kawai take jira, ban ba ta ba.

Don haka ku riƙe sana'a ɗaya da kyau, ita za ta zaunar da ku a ƙasar nan. Amma ku koyi harshen mutane da ɗan abin da ke gefen aikinku tun kuna da mai koya muku. Ni sai da nawa ya hau jirgi na fara.